Neman Tanko Magini a Birnin Zariya

Abin da nake so a ce ban yi ba a rayuwata shi ne shafa wa masallacin garinmu siminti. Ni na kawo shawarar, ni na tsaya a kan leburori har suka gama. A lokacin ina malamin awo a kasuwar auduga, na yi elementare, na je Kaduna sau biyu, ina ganin babu wanda ya fi ni sanin inda duniya ta dosa.

Masallacin Rafin Kanya na ƙasa ne, kakanninmu suka gina shi, bakan gizo uku ke ɗauke da rufinsa. Kowace shekara idan an gama girbi sai a yi gayya, a sake masa yaɓe, a share indararo, Tanko magini yana bisa rufi yana nuna inda za a taɓa. Na ce wannan wahala ce marar ƙarewa, a shafa siminti sau ɗaya a huta. Tanko ya ce siminti ba ya zama da ƙasa. Na ce masa a gaban jama'a, cikinsa yake wa faɗa, yana tsoron tuwon gayya ya ƙare. Bayan sallar layya ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya, inda ya koyi gini.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Bana, shekara biyu bayan canjin kuɗi, bakan tsakiya ya tsage, ƙasa ta fara zubowa a kan sahu na biyu. Wani attajirin garinmu ya ce a rushe duka, zai gina na bulo da kwano kafin damina. Liman ya roƙi dagaci a dakata zuwa Juma'a, ko za a sami mai duba shi. Da muka fito ya ce mini, "Isiyaku, kai ka kore shi, kai za ka je." Ya ba ni guntun azarar da ta faɗo daga bakan, da ɓawon siminti mai ƙasa manne a jikinsa, ya ce in kai wa Tanko.

Litinin: Rafin Kanya zuwa Zariya

Na bar gida ana idar da sallar asuba, na taka zuwa bakin titi. Akori-kura mai ɗauke da buhunan dawa ta ɗauke ni, mil tara zuwa Funtuwa, muka isa rana ba ta yi zafi ba. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na shiga ƙaramar bas mai zuwa Zariya a kan naira ɗaya. Sai wajen ƙarfe tara ta cika.

Direban Bakano ne mai yawan magana. Da ya ji inda za ni, ya ce in riƙe aljihuna da kyau, Bazazzagi yakan sayar wa mutum da hularsa ya kuma karɓi godiya. Wani Bazazzagi a bayanmu ya ce ai daga Kanawa suka koya, sai dai su ba sa ƙara riba. Haka suka yi ta yi har Giwa.

Kafin Shika akwai shingen sojoji. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani saurayin soja ya buɗe jakata, ya ɗaga ɓawon simintin, ya juya shi. "Baba, ƙasa za ka kai Zariya? Tasu ta ƙare ne?" Na ce magani za a duba mata. Ya yi dariya ya mayar.

Muka bi ta Samaru muka sauka a Sabon Gari kafin azahar. Daga nan tasi ta haye da ni kogin Kubanni, ta ratsa Tudun Wada, ta ajiye ni a Ƙofar Doka. Sauran na taka da ƙafa cikin lunguna zuwa gidan Alhaji Bawa mai hatsi, wanda mutanen garinmu kan sauka wurinsa idan sun kawo kaya. Ya ba ni ɗaki a soron waje, aka kawo fura mai sanyi. Ya ce ya san Tanko, yana Ƙofar Gayan, amma ya daina hawa gini tun da ya faɗo ya karye.

Da la'asar Alhaji Bawa ya ce mu je babban masallacin Juma'a kusa da fada. Tun daga nesa na hango rodi a tsaitsaye, da tarin yashi, da injin kwaɓa kankare yana ruri. Ana ta da sabon gini a kewayen tsohon. Muka yi salla a haraba tare da ma'aikata, ban shiga ciki ba. Alhaji Bawa ya nuna mini aikin da haɓa, ya ce to ga birni ma ya koma siminti, mene ne laifina? In koma gida in ce zamani ne ya zo. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na kwana ina shirya yadda zan faɗa wa Liman, har na yi tunanin ba sai na je Ƙofar Gayan ba.

Talata: Ƙofar Gayan da masallatan unguwa

Da safe na ɗauki jaka don in nufi tasha, sai na ji nauyin abin da ke ciki. Na ga idan na mayar wa Liman da shi yadda ya ba ni, ba ni da bakin magana. Na juya kudu.

Tafiya ce mai ɗan tsawo daga kasuwa zuwa Ƙofar Gayan, gidaje suna raguwa, gonaki suna ƙaruwa, duk a cikin ganuwa. Na sami Tanko a zaure yana tufka igiya. Ya tsufa, ƙafarsa ta hagu a miƙe take ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗago ya dube ni.

"Mai siminti, kai ne?"

Na ce ni ne. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya tambayi Liman da dagaci da mutanen da wasunsu sun daɗe a ƙasa. Ya ce 'ya'yansa biyu duk bulo suke jerawa a Samaru, kuma ba ya ganin laifinsu. Na fito da saƙon na ajiye a gabansa. Ya ɗauki azarar ya murza bakinta da yatsa, ta zube kamar gari. Ya sansana. Ya tambaya ko bakan tsakiya ne, na ce shi ne. Ya tambaya yaushe rabon da wani ya hau rufin. Na ce ban sani ba. Ya jawo sandarsa ya ce in zo mu zaga, ƙafar tana son motsi.

Masallaci na farko da muka shiga na unguwarsu ne, ƙarami, mai duhu da sanyi. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne, ginshiƙai sun yi yawa har sahu yana yankewa a tsakaninsu. Tanko ya ce wannan shi ne ginin farko, tun kafin magina su iya ɗaure baka. Azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan ta wuce kamu huɗu ko biyar, saboda haka duk inda tsawonta ya ƙare sai a ta da ginshiƙi. Babu hasumiya. Matakala ce ta ƙasa a jikin bangon waje, ladan ya hau ya yi kira. Matakan sun lotsa a tsakiya saboda sawu.

Na biyu yana kan hanyar shiga tsakiyar birni. A nan babu ginshiƙi ko ɗaya, baka biyu ne suka gitta juna, rufin ya tashi ya zama tulluwa, an kafa farar tasa a ƙoli. Tanko ya zauna a kan tabarma ya yi mini bayani da sandarsa. Ana kafa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a sama. Mai gaggawa ba ya ɗaure baka, in ji shi, domin rana ce ke yin rabin aikin. Ya ce gindin azarar yana binne cikin bango, kuma muddin bangon a bushe yake, ko gara ba ta iya mata komai.

Mun ci ɗanwake a wata rumfa kusa da kasuwa, shi ya zaɓi wurin, ni na biya. Azahar ta same mu a masallacin wasu 'yan kasuwa, irin waɗanda aka fara ginawa bayan zuwan jirgin ƙasa. Bulo ne da kwano, da tagogin gilashi, da lasifika a kan dogon ƙarfe. Yana da haske da faɗi, sahu ba ya yankewa, amma kafin a yi sallama riga ta jiƙe. Tanko ya ce ba shi da faɗa da irin wannan, bulo da siminti 'yan uwa ne, sun san halin juna.

A hanyar komawa ya tsaya jikin wani bango na ƙasa da aka shafa wa siminti. Ya ƙwanƙwasa da sanda. Nan ya yi ƙara a dunƙule, can ya yi ƙara kamar ganga. Ya ce in saurara da kyau, ya sake bugawa. Da muka rabu ban ce masa ya zo ba, shi ma bai ce zai zo ba. Ya dai ce in same shi gobe da hantsi.

Laraba: Wusasa da babban masallaci

Jikan Tanko yana aiki a asibitin Wusasa, shi kuma Tanko yana son ya je ya karɓo maganin ƙafa. Muka sami motar itace ta fita da mu yamma, zuwa gindin dutsen Kufena, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Da ya karɓi maganin ya ja ni zuwa cocin da ke wurin. Na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce in leƙa, ba cizo yake ba. Ginin ƙasa ne, da bakan gizo a jere kamar na masallaci, sai dai kujeru a maimakon tabarmi. Ya ce maginan birni ne suka gina wa Turawan mishan, maigidansa da ya koya masa aiki yana cikinsu. Wani dattijo mai share harabar ya gaishe shi da suna, suka taɓa hira a kan makuba da ta yi wuyar samu, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Dattijon ya ce su ma kowace shekara sai sun hau sun duba.

Muka dawo birni da azahar. Wannan karon muka shiga cikin babban masallacin. Ban taɓa ganin gini irinsa ba. Ginshiƙan kowanne ya fi ƙarfin mutum uku su kewaye shi da hannu, jikinsu da zane mai zurfi, kuma daga kowanne bakuna suna fita ta ko'ina suna haɗuwa a sama, tulluwa tana bin tulluwa. A waje injin yana ruri, a ciki ba ka jin komai sai tarin wani tsoho. Tanko ya ce an gina shi bayan jihadi, zamanin sarakunan farko. Na ce na ji ana cewa gwanin da ya gina shi da dare yake aiki shi kaɗai. Ya ce ya sha jin haka, amma duk wanda ya taɓa miƙa tubali ya san ginshiƙi irin wannan sai da gari guda.

Na faɗa masa maganar Alhaji Bawa, cewa birni ma ya koma siminti. Ya fito da ni waje. Ya nuna mini filin da wasu tsofaffin sassa na haraba suke a da, ya ce ya yi alwala a cikinsu yana yaro, yanzu an buƙaci wurin don jama'a ta ƙaru. Sannan ya nuna mini tsakanin sabon bango da tsoho, da inda sabon rufin zai wuce ta saman tulluwoyin.

"Waɗannan laima suke masa," in ji shi. "Kai riga ka sa wa naka, ka ɗaure wuya."

Ya ce ƙasa tana shan ruwa da damina ta fitar da rani. Siminti kuwa yakan yi 'yar tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga, ya rasa mafita, ya kwanta a gindin azara. Amma ba wannan ne babba ba. Bangon ƙasa idan ya kamu da ciwo ana gani, a taru a gyara. Mai siminti yana nan fes, kowa ya wuce ya ce madalla, ba wanda ya sake hawa sama.

A nan jikin tarin yashi na ce masa, "Malam Tanko, abin da na faɗa maka a gaban mutane ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun ranar. Ka yafe mini. Idan ba ka zo ba, jibi za a yanke a rushe shi."

Ya juya yana kallon leburori suna ɗaukar kankare a kwano.

"Ba duka ne ƙarya ba," in ji shi. "Ina son tuwon gayya. Har yanzu ana yi?"

Na ce an daina. Ya ce to a sake, da miyar kuka da man shanu, in ba haka ba ba ya zuwa. Kuma in sani ido kawai zai kai mana, ƙafa da hannu sun riga sun yi sallama.

Alhamis: komawa

Alhaji Bawa ya haɗa mu da wata babbar mota mai komawa Funtuwa ba kaya. Kafin mu tashi Tanko ya kai ni wurin masu azara a gefen kasuwa, ya zaɓi baƙaƙe masu nauyi, ya ƙi farare, ya ce waɗancan cikin itacen ne. Aka loda ɗauri shida. Mun bar Ƙofar Doka wajen ƙarfe goma, shi a gaba kusa da direba saboda ƙafarsa, ni a baya kan azara.

A shingen Shika sojan nan ne dai. Ya leƙo ya gane ni, ya ce na kai ƙasa na dawo da itace, wannan ciniki sai Katsinawa. Direban ya yarda ya ƙarasa da mu Rafin Kanya. Mun isa ana kiran la'asar.

Tanko bai sha ko ruwa ba ya ce a kai shi masallaci. Liman ya fito suka riƙe hannun juna suka gaisa. Sannan Tanko ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, mutane suna biye da shi. Ta gabas, wajen da Liman ke tsayawa, ƙarar a dunƙule take. Daga tsakiya zuwa ƙofar yamma kuwa ganga ce. Ya sa aka kawo guduma, ya miƙo mini. Na bugi bangon arewa, ɓawo ya faɗo kamar faifai. Wata ne da rijiyoyinmu suka ja baya, mata suna kwana a bakin rafi suna jiran ruwa ya taru, amma ƙasar da ke bayan simintin jiƙe take, har tana kama yatsa.

Juma'a: Rafin Kanya

Bayan an sauko daga salla dagaci ya tara mutane a gindin kanya. Na nemi a ba ni magana. Na faɗi abin da na faɗa wa Tanko a wurin nan shekarun baya, na ce ƙarya na yi masa. Wasu samari ba su ma san zancen ba, suna tambayar na kusa da su.

Tanko ya ba da hukuncinsa a taƙaice. Bakan gabas yana da rai, idan an ɓare simintin yau aka bar shi ya sha iska, aka ƙara masa sabuwar azara. Na tsakiya da na yamma sun mutu tun daga gindi. Liman ya tambaya ko ba za a sake ɗaure su ba. Tanko ya dubi taron ya tambaya wa ya taɓa ɗaure azara a sama. Mutum biyu suka ɗaga hannu, dukansu sun fi ni furfura. Ya ce da hannu huɗu irin waɗannan, ga damina saura wata biyu, baka ɗaya zai iya tsayarwa, ba zai yi wa gari ƙarya ba.

Haka aka yanke. Sahun farko da wurin Liman za su zauna ƙarƙashin tsohon baka. Sauran a rushe, attajirin ya yi ginin bulonsa, ya ja kwanon ya wuce ta saman tsohon rufin da tazarar da mutum zai iya rarrafawa ya duba. Attajirin ya yarda ba musu.

Washegari aka yi gayya. Samarin da suka zo ba su san yadda ake taka ƙasa da ciyawa ba, sai da mu tsofaffi muka naɗe wando muka shiga muka nuna musu. Tanko yana zaune a inuwa yana nuni da sanda, yana kirana mai siminti duk lokacin da yake son a ƙaro ruwa. Da rana ta take matata ta aiko da tuwo da man shanu, ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Bawa da ya sauke ni kwana uku, da direban da ya ratse hanya dominmu, da Liman da bai aiki wani ba sai ni. Malam Tanko kuwa ba ni da abin da zan saka masa.

Baka uku na tarar, ɗaya zan bari. Wanda duk ya karanta wannan, idan akwai masallacin ƙasa a garinku, ina roƙonku kada ku yi abin da na yi. Kada ku rufe masa jiki don ku huta. Idan an gama girbi ku kira wanda ya san aikin, ku sa samari su hau tare da shi, ku dafa masa tuwo.